Makullin da Na Zaɓar wa Yaya Ishaya

Shekara ashirin da takwas ke nan da muka binne yayana Ishaya a Kurmin Kogi. Sau uku na ƙirga kafin in rubuta, don ba na so in ɗora wa mamaci ko da kwana ɗaya da ba nasa ba. Ni mai awon hatsi ne a kasuwar Hunkuyi, karatuna bai wuce firamare ba, saboda haka a yi haƙuri da rubutuna. Fushin da ke ciki kuwa ba zan nemi haƙuri a kansa ba.

Yaya malamin firamare ne a Ikara, shi ne kuma shugaban mawaƙa a cocinmu. Wani fasto Bature da zai koma ƙasarsu, lokacin da mulkin soja ya yi tsanani, ya bar masa kwamfuta da piyano biyu masu aiki da lantarki. Kowa ya ɗauka waƙoƙin coci zai yi da su. Shi kuwa Baba yake tunani. Babanmu makaɗin gangar noma ne, babu gayyar da ake yi a yankinmu ba tare da shi ba. Garma ta taɓa saransa a hannun hagu, don haka bugun wannan hannun yakan ɗan makara, kuma da wannan makarar manoma ke gane shi tun daga nesa. Tsufa ya fara kama shi, Yaya yana so ya adana kiɗan kafin hannun ya mutu gaba ɗaya.

Ya yi mini bayani cewa kwamfutar ba sauti take ɗauka kamar kaset ba. Rubutawa take yi: wane maɓalli aka taɓa, yaushe, da wane ƙarfi. Daga baya sai ta umarci piyano ta waya ya maimaita. Amma sai an zuba mata abin da yau ake kira manhaja, wadda a lokacin take zuwa a ɗan faifai mai kusurwa huɗu. A Zariya ake samu, wurin wani Ɗanlami mai situdiyo. Babu man fetur, motocin haya sun yi wuya, Yaya yana tsaron jarrabawa, ni kuwa ina da wuri a motar masara. Sai ya rubuta mini tambayoyi uku a takarda. Shin ƙaramar kwamfutarmu za ta iya ɗaukarta? Za ta iya tuƙa piyano biyu lokaci guda? Za ta bar bugu yadda hannu ya yi shi, ko sai ta miƙar da shi ya koma kamar faretin soja?

Iri biyu Ɗanlami ya nuna mini. Na karanta masa tambayoyin, na sake karantawa, duka biyun sun ci jarrabawa. Da na tsaya nan da ban rubuta wannan ba. Amma ni mutum ne da yakan koma gida daga bakin tasha don ya sake taɓa kwaɗon ƙofa. Sai na ƙara tambayar da ba a aiko ni da ita ba: wacce ce ɓarawo ba zai iya sata ba?

Ya yi murmushi, ya ce, “Ƙanen Tica, kai da kwastan ya kamata ka shiga.” Ya ɗauko wani ɗan abu kamar akwatin ashana. Ya ce ɗaya daga cikinsu ba ta tashi sai an soka wannan makulli a bayan kwamfuta, kuma abin da aka adana da ita babu mai buɗe shi sai da ita. Ɗayar kuwa kowace na'ura tana karanta abin da ta ajiye. Na zaɓi mai makulli ina jin na yi wa gidanmu babbar hidima. Yaya ya juya abin a hannunsa ya yi dariya, ya ce, “Bulus, kai ko tuwo ka samu hali sai ka sa masa kwaɗo.”

Damina biyu suka yi suna aiki, duk ranar da aka kawo wuta. Yaya ya mai da maɓallan piyano muryar ganga, Baba yana bugawa da yatsu yana mita cewa fatar wannan gangar ba ta da rai. Ranar da na'urar ta maido masa da bugunsa, har da makarar hagun, sai Baba ya cire hula.

Taifot ce ta kama Yaya, likitoci suna yajin aiki. Kwana tara ya yi, ya cika.

Ɗanlami ya zo gaisuwa, ya yi kuka fiye da wasu dangi. Ya ce a ba shi kayan ya juye kiɗan a kaset don tunawa da marigayi. Na yi tsayin daka: kwamfuta da piyano ba za su bar gidan nan ba. A tunanina kiɗan yana cikin manyan kayan, ashe a faya-fayan Yaya yake adana shi. Na ba shi faya-fayan da ɗan makullin kawai, har na sa ya sa hannu a takarda. Na kwana ina yaba wa kaina.

Bayan wata biyar Baba ya je cin kasuwar Makarfi, ya ji gangarsa tana fita daga lasifikar mai sayar da kaset. An ɗora mata waƙar roƙon sojoji su zarce da mulki. Kiɗan da yake tayar da mutane su yi noma ne aka mai da shi kiɗan maula, a shekarar da tiyar masara ta gagari waɗanda suka noma ta. Ya dawo gida ya rataye gangarsa, bai sake sauke ta ba har ya rasu. Na kai wa Ɗanlami takardarsa. Ya ce kiɗan ganga ai na kowa ne, in kawo shaida. Na koma gida na kunna kwamfuta, ta nemi makulli.

Yau ’yar Yaya, Rahila, tana haɗa kiɗa a wayarta tana dafa abinci. Da yana nan da ya ƙwace wayar ya hana ta sakat da tambayoyi. Da kuma ya ce mini in bar maganar nan, don shi bai iya riƙe mutum a zuciya ba. Ni na iya.

Bara Ɗanlami ya aiko fastonmu, wai ciwo ya kwantar da shi, yana neman gafara. Na je da Rahila. Na tambayi faya-fayan, ya ce ruwa ya ci su tuntuni. Na ce to ya faɗa a wayar yarinyar nan hannun wa ke cikin kaset ɗin, da yadda aka yi ya same shi. Ya ambaci Baba, ya ambaci Yaya. Da aka zo kan sauran sai ya ce, “Malam Bulus, aro ne aka yi, sai abu ya daɗe.” Ya miƙo mini hannu. Na bar shi a miƙe.

Cikin duk aikin damina biyu, kiɗa ɗaya ya rage, shi ma a kaset ɗin ɓarawo. Rahila ta samo shi ta cire muryar maroƙan, ganga ta fito ita kaɗai. Shi nake sakawa a rumfata ranar kasuwa, kuma duk wanda ya tambaya ina gaya masa sunaye uku: wanda ya buga, wanda ya adana, da wanda ya sace. Nawa sunan nakan faɗa na huɗu, don awo ya cika.

Ɗanlami ya rasu da bazara. Fasto ya ce yanzu sai in saki. Na gwada, Allah ya sani. Amma ranar Lahadi, idan ikilisiya ta kai wurin da ake roƙon a gafarta mana yadda muke gafarta wa waɗanda suka yi mana laifi, nakan rufe bakina har su wuce. Tsoro nake ji kada a amsa mini daidai da mudun da na auna.