Shekarar da Inna ta Sa Tantabarun Nasiru a Kasuwa

Ranar wata Juma'a ce ta tsakiyar bazara, shekarar da na shiga aji ɗaya na babbar sakandare, irin safiyar Sakkwato da rana kan fito da zafinta tun ba a gama shara ba. Ina tsugune a zauren gidanmu na Runjin Sambo ina tura ice ƙarƙashin tanda, mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, tana juya masa da tsinke, sai ga Malam Buhari tela da kwanonsa kamar kullum. Duk layinmu an san Malam Buhari da rigimar gyara. Ko masar mutum ɗaya ya saya sai ya tsaya mita, ya ce ta yau ta ƙanƙance, ya ce ta jiya ta fi mai, har sai Inna ta jefa mashi ɗaya a kai tana tsokanarsa. Ran nan kuwa ya miƙa kwano, aka zuba, ya biya, ya yi godiya da murmushi, ya juya. Bai nemi gyara ba. Inna ta bi bayansa da kallo, tsinke a hannu, har masar da ke tanda ta ƙone, abin da ban taɓa gani ba. Can ta ce, ba da ni take ba, "Wanga mutum ba Buhari ba ne."

Mu uku Inna ta riƙe bayan rasuwar mahaifinmu, duk maza, duk a shekarun da yaro ke cin tuwo kamar ana binsa: yayana Nasiru, ni Bello, sai autanmu Murtala. Da tandar nan ta ciyar da mu, kuma ba ta bar kowa ya zauna ba. Nasiru ke kai shinkafa inji da yamma, ni ke tura kurar ruwa daga famfon bayan masallaci, Murtala ke wanke kwanoni yana kuka yana wankewa. In an yi hutu ta tura mu fadama wajen kawunmu mu yi ban ruwan albasa, mu dawo baƙi wuluk, ƙafafu sun tsattsage. Tsakanin aiki da aiki kuwa faɗa muke yi. Mun yi faɗa a kan ƙwallo, mun yi a kan wanda zai kwanta kusa da randa, amma babban yaƙin gidanmu shi ne ƙanzon tukunyar tuwo, wanda Inna kan jiƙa mana da mai da yaji. Nasiru ne ke cinyewa da ƙarfin tsiya. Abu ɗaya kawai ya fi ƙanzo a wajensa, wato tantabarunsa. Ya haɗa masu ɗakuna da gwangwanaye da tsofaffin tukwane a jikin katanga, kowace da sunanta, kuma in ya yi fito sai ka ga sun karkato daga sama kamar an ja su da zare. Akwai wata fara mai jan wuya da yake kira Gimbiya. Na taɓa ɗaukar ta ba da izninsa ba, har yau akwai tabon a goshina.

A bazarar nan ne aka fara zancen wani gida a Arkilla. Ba wanda ya san mai shi. Abin da aka sani, wuta ba ta ɗaukewa a gidan, akwai ƙatuwar talabijin da ake kallon ƙwallo kyauta, kuma ana ba kowa ruwan sanyi har ya ƙoshi. Wanda ya san zafin garinmu ya san ba a bukatar wani kira bayan wannan. Samari suka riƙa cika keke napep suna tafiya, manya ma suka fara leƙawa. Duk wanda ya je sau biyu ko uku sai ya dawo wani mutum daban: ba faɗa, ba gardama, ba kwaɗayi, ba ya ko gumi. A makarantarmu filin ƙwallo ya yi tsit, yaran da kan yi langa har su ɓarke wando suka koma zama a inuwa a jere, suna murmushi. Malamai suka ce tarbiyya ta dawo. Iyaye mata suka riƙa yi wa juna barka. Maƙwabciyarmu Iya Ige ta shigo tana ba Inna labarin yadda ɗanta, wanda ya gagari kowa, yanzu yake share gida ba a sa shi ba. Inna ta ce mata, "Ige, namiji ɗan shekara goma sha bakwai da ba ya jin yunwa, ki duba shi da kyau." Mu kuma ta kafa mana doka, ta ce ita ba ta yarda da ruwan sanyin da ba a san mai tulunsa ba.

Ni da Murtala mun ji. Nasiru ya bi abokai a ɓoye, muka gane ranar da aka ajiye ƙanzo ya turo mana kwanon yana cewa mu ci, shi ya ƙoshi. Murtala ya yi murna. Ni kam na ga yadda Inna ta ajiye muciya a hankali. Ta kira shi, ta ce zai yi aski ne, bari ta duba kansa. A bayan kunnensa na hagu ta taɓa wani ɗan abu kamar ƙwayar gero, mai ƙyalli, mai sanyi kamar ƙanƙara, ya manne da fata. Ta sa farce ya ƙi fita. Ta karɓo rubutu ya sha, aka yi tofi, aka yi hayaƙi, duk ya zauna aka yi mashi yana godiya. Wasu suka ce aljanu ne. Inna ta ce aljanu sun san mu tun kakanni, suna fushi, suna neman abinsu, har ciniki ake yi da su. Waɗannan kuwa baƙi ne, ba su san mutum ba sam, sun ɗauka in an cire mashi so da ƙi an gyara shi. Tun ran nan take kiransu baƙin sama, sunan da ya bi bakin matan unguwa, ko da yake rediyo bai taɓa faɗa ba, kuma duk hukumar da aka kai wa ƙara sai a tarar mai sauraron ƙarar ma yana irin murmushin.

Abin bai tsaya ga ladabi ba. Waɗanda suka daɗe da ƙwayar sukan koma gidan Arkilla gaba ɗaya, a daina ganinsu. Malam Buhari ya rufe shago ya bar ɗinkin mutane a kan keke, ɗan Iya Ige ya bi. Wata Laraba Nasiru ya durƙusa gaban Inna, ya ce bayan sallar Juma'a shi ma zai tafi, an ce ana bukatarsa. Ya faɗa ne kamar mai cewa zai je inji. Inna ba ta yi kuka ba. Ta zauna bakin murhu tana kallonsa yana zuba wa tantabaru hatsi, a kan lokaci, daidai gwargwado, ba fito, ba kiran suna. Sai kyanwar maƙwabta ta biyo katanga ta nufi tukunyar Gimbiya. Ni ban ga kome ba, amma Inna ta ga hannunsa ya ƙanƙame kwanon hatsin, ɗan lokaci kaɗan, kafin murmushin ya dawo. Abin da take nema ke nan. Yaronta yana nan ciki.

Washegari da hantsi ta aike ni Tudun Wada in kirawo Sahabi. Sahabi shi ne babban abokin gabar Nasiru a harkar tantabaru, sun sha dambe a kan wanda ya janye wa wani tsuntsu. A zaure Inna ta tare shi, ta gaya mashi abin da take so: ya taya tantabarun, ya kushe su iyakar iyawarsa, kada ya ji tausayi. Sahabi ya ce, "Inna, wanga aiki ko ba lada ni kan yi shi." Aka shiga tsakar gida, aka zaunar da Nasiru a kan turmi, Inna ta ce ta gaji da kashin tsuntsaye, tunda mai su zai tafi, sayarwa za ta yi. Nasiru ya ce yadda ta ga dama. Sahabi ya fara zagaya tukwanen yana taɓe baki. Ya ce wannan gurguwa ce, waccan mura gare ta, wanda ya tara su bai san tantabara ba, bai san kaza ba. Ya taya duka a kan kwanon gero ɗaya. Inna, matar da ba ta taɓa sallama ko ɓawon albasa a tayin farko ba, ta ce ta sallama. Na dubi Nasiru, murmushin na nan, amma na ga wani abu da na yi makonni ban gani ba, ɗigon gumi a gefen hancinsa.

Sahabi ya zura hannu ya fizgo Gimbiya, ya riƙe ta ta fiffike ɗaya tana fafutuka. Ya ɗaga ta sama ya ce, "Wagga ce ake ta kuri da ita? Ai ko kiwo ba ta isa ba. Murtala, miƙo wuƙa, farfesu za ni yi da ita nan take." Inna da kanta ta miƙa mashi wuƙar yankan albasa. Ban ga tashin Nasiru ba. Ƙara kawai na ji, irin muryarsa ta da, mai tsaga kunne: "Sahabi, ɗan banza, sake ta ko in karya ka!" Kafin wuƙar ta faɗi ƙasa ya kai mashi naushi a baki, suka zube cikin tokar murhu suna birgima, Gimbiya ta tashi ta sauka a kan katanga. Gumi ya wanke Nasiru kamar an juye mashi bokiti, yana zagi yana kuka. Ƙwayar nan ta ɓalle daga bayan kunnensa ta faɗa garwashi, ta yi ƙara kamar an ɗiga ruwa a mai, ta zama baƙa. Inna ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo, sannan ta kama kunnen nan ta murɗe, ta ce, "Gobe ma ka koma shan ruwan sanyi." Da aka raba su, abu na farko da ya fito bakinsa shi ne yunwa yake ji. Ranar ya cinye ƙanzo shi kaɗai, ya ture ni da gwiwar hannu, ban taɓa jin daɗin zalunci irin na ranar ba. Sahabi kuwa, leɓe a kumbure, ya ƙi tafiya sai an yi mashi gyara, Inna ta sa Nasiru ya ba shi 'yan shila biyu yana harararsa.

Daga nan aikin ya koma hannun mata. Ba taro, ba sanarwa. A gidan suna, a wajen inji, a bakin tandar Inna, kowace aka raɗa mata: ki nemo abin da ɗanki ba ya iya haƙura da shi, ki taɓa shi a gabansa. Wata ta ba ƙanin ɗanta takalman ƙwallonsa, wata ta yabi kulob ɗin da ɗanta ya tsana. Unguwa ta cika da ihu da ƙarar kwanoni, iyaye suna hamdala. Waɗanda suka riga suka tafi kuma, matan suka ɗauki kayansu suka bi su har ƙofar gidan Arkilla. Iya Ige ta tafi da rediyon ɗanta da taɓarya, ta ce a gabansa za ta farfasa shi. Matar Malam Buhari ta sa aka ɗora kekensa na ɗinki a kura, ta tsaya tana kiran mai gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, ya zo ya auna. Malam Buhari ya fito a guje yana salati yana cewa wa ya ba ta izni. Da la'asar ɗin wata Asabar, muna kan katanga ni da Nasiru, muka ga wani abu mai faɗi kamar faifai, launinsa launin sama, ya tashi daga wajen Arkilla ba ƙara, ba hayaƙi. Duk tantabarun garin suka watse lokaci ɗaya. Washegari aka tarar da gidan ba kowa, ko wayar wuta babu a jikinsa. Mutane suka ce guguwa ce, kuma har yau haka wasu ke cewa. Malam Buhari ya dawo da kwanonsa ranar Litinin, ya ce masar ta ƙanƙance, Inna ta jefa mashi biyu.

Yau ni dillalin dabbobi ne a kara, da hannuna na tara abin da na tara, kuma duk yaran da ke aiki ƙarƙashina sun san ba na sayen ragon da aka ja shi ya biyo ba turjiya. A wajen Inna na koya. Ta rasu, tandar tana rataye a ɗakin Nasiru, wanda har yanzu yake kiwon jikokin Gimbiya. Ni kuma na gina gida a Arkilla, da wutar sola da firiji, ruwan sanyi ba ya yankewa. Wani lokaci nakan shigo in tarar da samarina uku a falo, kowa ya sunkuyar da kai ga wayarsa, shiru, ba mai neman na wani, an ajiye abinci ya huce. Nakan bi bayansu in shafa bayan kunnuwansu kamar da wasa, su ce, "Baba, mene ne haka?" Ban taɓa samun kome ba. Duk da haka nakan sa uwarsu ta bar tuwo ya kama tukunya, a jiƙa ƙanzon da mai da yaji, a zuba a kwano ɗaya tak. Ranar da na jiyo su daga waje suna faɗa a kansa, a mota na zauna ina saurare, ban so in shiga in raba ba.