Neman Maijego a Birmingham

Matan zumunta, ina gaishe ku cikin sunan Ubangiji. Ni ce Rifkatu. Baki nawa ne, hannu kuma na takwarata ne, 'yar ɗana Yohanna, wadda suka datse wa sunana ya koma Beki. In kun ga kuskure, nata ne.

Kun tuna ƙullin da kuka ɗaura mini ranar da zan taho: yajin jego, kanwa, garin gero da turmin atamfa. Kuka ce in Kirsimeti ta riske ni a ƙasar Turawa kada in karya al'adarmu, wato bayan sujada a nemi maijegon da ba ta da kowa, a kai mata barka a madadin Maryamu. Na ce muku wannan ai mai sauƙi ne, ina ne ba a haihuwa? To, ku gyara zama.

Jajibere: daga Manchester

Tun da duhu muka bar Cheetham Hill, ko da yake a nan ƙarfe bakwai ma duhu ne, ranarsu ba ta da himma. Yohanna yana aikin kula da tsofaffi har ranar biki, sai ya tura ni da Takwara wurin ƙanwarsa Saratu a Birmingham. Manchester dai na riga na bincike ta. Akwai masu ciki a cocinmu, amma duk sun ƙi sauka.

Muka hau tiram, wani jirgin ƙasa mai yawo a tsakiyar titi, ya kai mu cikin gari, muka shiga koci, wato babbar motar safa. Direban Bature ne, ya sa jar hula irin ta wani tsoho mai farin gemu da nake gani a kowane kanti.

"Takwara, wane ne wannan tsohon?"

"Mai kawo kyauta ne, Kaka."

"To ina maijegon, ina jaririn?"

"Suna coci."

"Oho. Biki nasu, an kulle su a ɗaka, baƙo ya baje a zaure."

Tafiyar ta kusa awa uku, duk na yi ta ne ina duban matan da ke cikin motar. Sai dai rigunan sanyin nan, kowa ka gani kamar wata tara, har maza. Takwara ta ja mini mayafi. "Kaka, ki daina kallon cikin mutane, za a kira mana 'yan sanda."

Sparkhill

Kafin azahar muna gidan Saratu. Ta kafa itacen roba a falo, ta rataya masa fitilu, kyaututtuka jibge a gindinsa. Na kwance ƙullina na faɗa mata buƙatata.

"Mama, nan ba gida ba ne. Ba a ƙwanƙwasa ƙofar mutum a miƙa masa kanwa. In wani abu ya faru, da likita da hukumar gari duk a kaina za su sauka. Ki bari mu sa kuɗi a asusun coci, ai duk sadaka ce."

"Kuɗi ba ya dama kunu, Saratu."

Gaskiya raina ya sosu. Na ga kaina ina dawo muku da yajin da kuka daka da hannuwanku, ina cewa ban sami wanda zan ba ba.

Da yamma muka je unguwar Small Heath wurin mahauci karɓo talotalon da ta yi oda. Mahaucin ya ji ina ƙorafin girman tsuntsun, sai ya amsa mini da Hausa. Malam Isiyaku sunansa, Musulmi, mutumin zangon Kumasi. Bayan gaisuwa na ce, "Ɗana, ba ka san wata da ta haihu ba?" Saratu ta rufe fuska.

Ya ajiye wuƙa. "Matar ƙanena, Hawa. Ko suna ba a yi ba. Uwarta ta nemi biza an hana ta, mijin kuma yana tuƙin tasi dare da rana. Ita kaɗai take a filat, ɗan gidan sama a nan unguwar, Mama, shayi da burodi take ci."

Shayi da burodi. Maijego! Na ce ya gaya wa Takwara kwatance.

Ranar Kirsimeti

Da asuba na dama kunun kanwa na cika fulas. Muka je sujada a wata majami'a kusa da gida, gini kamar dutse, mutane kamar an tsince su. Waƙa da Turanci aka yi, ni na bi da Hausa, Ubangiji dai ya san abinsa.

Muka fito, sai ga wata sabuwa: ranar Kirsimeti babu bas a garin nan, ko ɗaya. Saratu ta ce ba za ta bar talotalo a wuta ta kai mu a motarta ba, yaranta kuma suna jiran a buɗe kyauta. Takwara ma an ce akwai sabuwar waya a nata ƙullin.

Na ɗauki fulas da ƙullina na ce, "Ƙafar da ta kai ni gona za ta kai ni."

Ban yi nisa ba na ji Takwara tana huci a bayana. "Kawo, Kaka. In kin ɓata ni Baba zai kashe."

Muka tafi cikin yayyafi, gwiwa tana ƙara, gidaje a jere duk iri ɗaya kamar haƙoran mataji. A Small Heath shaguna a buɗe suke, mutane na ta harkarsu. Muka hau bene muka ƙwanƙwasa.

Hawa ta buɗe kaɗan, yarinya ce ƙarama, idanu sun faɗa. Na ce, "Barka da arziki, 'yata. Barka da sauka lafiya." Ta tsaya tana kallona, sai ta fashe da kuka. Ta ce tun da ta haihu, a waya kawai aka ce mata haka.

Na zaunar da ita, na zuba mata kunu. Na ɗora ruwa na gasa mata jiki, na yi wa yaron wanka irin namu, na gasa cibiya. Da ta ga atamfa ta ce, "Mama, kin san mu Musulmi ne?"

"Na sani. Ni kuma Kirista ce, yau ranar haihuwar Ubangijina. Barkar Maryamu na kawo, ke ce kika karɓa mata."

"Nana Maryamu, uwar Annabi Isa. Ai mun san ta." Ta ƙara kunu.

Takwara tana zaune riƙe da jariri, ta sandare kamar an ɗora mata tiren ƙwai. Can ta ɗago.

"Kaka, ita Maryamu wa ya dama mata kunu?"

"Ke da kika iya karatu, gaya mini. Su wa suka je?"

"Makiyaya. Da masana, da zinariya."

"Duk maza. Akwai mace ko ɗaya da aka ce ta ɗora mata ruwa?"

"Babu."

"To, shi ya sa."

Daga nan ta manta da zancen sabuwar wayarta, ko ƙarfe nawa ba ta tambaya ba.

Wajen la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Saratu ce, ɗauke da kula cike da shinkafa da cinyar talotalo. Ta ce wai ɗaukarmu kawai ta zo yi. Ta gaya wa Hawa ta ci ba fargaba, yankan Malam Isiyaku ne. Mai cewa ba a ƙwanƙwasa ƙofar mutane, ita ce har da wanke kwanuka.

Komawa

Bayan kwana biyu muka kamo hanyar Manchester, muka iske Yohanna lafiya. Ina gode wa Ubangiji da ya kai mu ya dawo da mu, ina gode muku da yaji. Hawa tana gaishe ku, an raɗa wa yaro suna Yusufu, ban kuwa sa baki ba.

Abu ɗaya zan roƙa: in kun sami mai tahowa, ku aiko da kanwa tun da wuri. A kocin dawowa na kama Takwara tana leƙen cikin wata mata, tana lissafi da yatsu.