Na Tashi Daga Ciwon Ƙoda, Auwalu Bai Gani Ba

Assalamu alaikum, jama'a.

Na daɗe ban ce komai ba a nan. Wasu sun ce na yi kuɗi na manta da ku, wasu sun ce na bar barkwanci. Ko ɗaya babu. Jinya na yi, kuma sai yau na iya zama in rubuta.

Ni ne Nura, wanda kuka sani da Baffa Mai Shinkafa, tsohon nan da ke rigima da 'yan acaɓa a bidiyo. Mai ɗaukar bidiyon, wanda ba kwa ganinsa sai dai ku ji dariyarsa, shi ne Auwalu, abokina tun firamare. Mawaƙin hip-hop ne, waƙarsa ce ke tashi a ƙarshen kowane bidiyonmu.

Abin ya fara da zazzaɓi da ciwon baya a farkon damina. Lokacin muna samun gayyatar biki, yau Kaugama, gobe cikin garinmu Haɗeja. A sana'armu in ka ce ba ka da lafiya wani za a kira, kuma ba lallai a sake nemanka ba. Sai in shiga kemis in sayi maganin ciwon jiki, in haɗa da jiƙon da ake sayarwa a tasha, in shiga fili in ba mutane dariya. In na fito in zagaya bayan rumfa in yi amai.

Fuskata ta fara kumbura. Kuka rubuta min, "Baffa an samu duniya, kumatu sun fito." Ni ma dariya na yi.

Ranar da na wuni ban yi fitsari ba, takalmina ya ƙi shiga ƙafata, Auwalu ya mai da wayar da yake ɗaukar bidiyo da ita cikin aljihu.

"Yau babu ɗauka. Hau babur mu je asibiti."

Aka ɗebi jinina. Likita ya duba sakamakon, ya dube ni. "Ƙodarka ta tsaya. Me kake sha?" Na faɗa masa. Ya girgiza kai, ya tura mu Kano.

Duk ɗan Haɗeja ya san abin da ciwon ƙoda ke nufi. Mun sha zuwa gaisuwar mutuwa saboda shi. A cikin mota Inna carbinta kawai take ja, hannunta ɗaya a kan ƙafata.

Aka sa min bututu a wuya, aka fara min wankin ƙoda. Ka kwanta kana kallon jininka yana fita yana shiga na'ura yana dawowa, sanyi yana kaɗa ka. Ruwan sha ma sai an auna maka. Na kusa da gadona ya rasu ina kallo. Na ji tsoro, wallahi na ji tsoro.

Kuma ba a ɗora ka kan na'ura sai an biya. Inna ta sayar da akuyoyinta da shinkafar da muka ajiye ta ci. Auwalu ya sayar da kwamfutarsa da makirfonsa.

Na ce, "To da me za ka yi waƙa?"

Ya ce, "Da bakina mana. Kai dai ka yi fitsari, ita ce waƙar da nake jira."

Har ma'aikaciyar jinya sai da ta yi dariya.

Sai aka gayyace shi wasa a wani ƙauye bayan Guri. Ruwa ya cinye hanya, sai da kwale-kwale ake shiga. Inna ta ce masa, "Ɗan nan, ka haƙura da tafiyar nan." Ya ce, "Inna, kuɗin wankin Nura ne a ciki. Jibi ina nan."

Jibi ta zo ban gan shi ba. Na tambayi Yaya Hadiza, wadda ke kwana da ni, ta ce wayarsa ce ta lalace, yana Haɗeja yana neman kuɗi. Har fushi na yi da shi a raina.

A kwanakin nan fitsari ya dawo, kumburi ya fara sauka. Likita ya ce, "Ƙodarka ta farfaɗo. Ba kowa ke samun wannan ba, ka gode wa Allah." Na ce wa Yaya ta nemo min Auwalu ko ta wayar wani ne, shi zan fara yi wa albishir. Ta ce to, ta fita waje ta daɗe.

Da yamma wani maƙwabcinmu ya zo dubiya. Ya zauna ya ce, "Sannu da jiki, Nura. Ya ƙarin haƙurinmu na Auwalu?"

Na dubi Inna. Ta rufe fuskarta da mayafi.

Kwale-kwalen ya kife ne a hanyar dawowa. Masunta suka tsamo shi washegari. An yi masa sallah ina kwance kan na'ura ban sani ba. Kuɗin wasan an same su a aljihunsa, ɗaure cikin leda. Mahaifiyarsa ta aiko da su Kano, da su aka biya wankina na ƙarshe.

Da aka sallame ni gidansu na fara zuwa. Na durƙusa gaban mahaifiyarsa. Ita ce ma ta rarrashe ni. "Tashi, Nura. Kwanansa ne ya ƙare. Ka riƙa shan maganinka, kada wahalarsa ta tafi a banza."

Yanzu na samu sauƙi, Alhamdulillah. Ina zuwa asibiti a duba ni, na rage gishiri. Masu tambayar yaushe zan dawo barkwanci, ku yi haƙuri, ban sani ba.

Na gode wa Allah. Na gode wa Inna da Yaya Hadiza, da likitoci da ma'aikatan jinya, da 'yan unguwarmu da suka yi karo-karo.

'Yan uwana masu waƙa da barkwanci, ku daina danne ciwo da ƙwayoyin kemis don gudun rasa wasa. Kada ku sha jiƙon da ba ku san me ke cikinsa ba. In kun ga kumburi a fuska ko ƙafa, ko fitsari ya ragu, ku je a gwada jininku a ranar, kada ku jira a gama biki.

In za ku yi min addu'a, don Allah ku fara da Auwalu. Allah ya jiƙansa, ya ba mahaifiyarsa haƙuri.