Mai Fara Littafi Daga Bangon Baya

'Yan makarantar da ke zuwa kantin littattafan nan na bakin titi su suka raɗa mata Anti Ƙarshe, kuma ba su zalunce ta ba. Duk littafin da ya shigo hannunta, kafin ta san sunan marubucin ta riga ta san wanda ya mutu a ciki. Takan juya shi ne kamar mai duba gindin tukunya a kasuwa, ta lashi yatsa, ta buɗe shafin ƙarshe ta karanta a tsaye. Sai hankalinta ya kwanta, sannan ta koma farko.

Halin ba daga sama ya faɗo mata ba. Tana yarinya littattafan haya take karantawa, waɗanda suka sha hannu kafin su iso gare ta, kuma abin da ke fara ficewa daga tsohon littafi shi ne bangon baya da shafukan da ke jikinsa. Sau nawa ta bi labari kwana da kwanaki, an kawo yarinya bakin ƙofa, ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa, sai takarda ta ƙare. Akwai wanda har yau ba ta san ko an buɗe ƙofar ba, kuma har yau in ta tuna sai ta ja tsaki. Daga nan ta koyi duba ƙarshe kafin ta ɗauka. Da farko dubawa ce kawai ko yana nan, amma wane ido ne zai ga rubutu ya ƙi karantawa?

Da ta girma ta samu aiki a kantin, sai halin ya zama sana'a. Mai kantin dattijo ne mai ciwon gwiwa da ba ya son tashi daga kujerarsa, don haka duk kwalin da aka kawo ita ke farke shi ta duba ko maɗaba'a ta tsallake shafi ko ta buga shi a kife. Da a cikinta take barin abin da ta gani, da ba wanda zai yi ƙorafi. Bakin ne ba ya riƙo. Yaro zai zaɓi littafi da murnarsa, tana saka masa a leda sai ta ce, "Kada ka saba da abokin nan nasa, ba zai kai ƙarshe ba." Yaron ya tsaya da leda a hannu kamar an mare shi. Amma gobe zai dawo, domin duk garin ba wanda ya kai ta sanin littafin da ya cancanci a jira shi da wanda bangonsa ne kawai kyau.

Lokacin dogon hutu kuwa kasuwarta ta biyu ke buɗewa. Akwai ƙaramar talabijin a saman kantar littattafan rubutu, kuma tashoshi sukan sako sababbin shirye-shirye don yaran da ke zaune gida. Yara su cika kantin, ba saye ya kawo su ba, hukunci suka zo ji.

"Anti, na 'yan makarantar kwanan nan fa, masu neman wanda ya sace kofin gasa?"

"Kashi uku na farko ku kalla, sauran jan rai ne. Mataimakin shugaban makaranta ne, ku dubi tafiyarsa ma."

"Haba Anti, ba mu ce ki faɗa ba."

"Na likitocin nan kuma kada ku ɓata idonku. Asibiti guda ba mai duba mara lafiya, kowa na baranda yana soyayya. Na gasar waƙa da dama-dama, in za ku iya jure alƙalan, don sun fi mawaƙan yawan kuka."

A gida ba ta da wannan sarautar. Mijinta direban motar ma'aikatan wata masana'anta ne, mutum mai sanyi wanda talabijin ke kallonsa yana barci. Manyan 'ya'yanta maza biyu sun kama gabansu. Saura Auta, kuma Auta ta kafa doka tun tuni: in ana shiri a talabijin, Mama tana kicin. Sai ka gan ta a bakin ƙofar falo da ludayi a hannu, ta shigo ta fita, ta sake shigowa, magana na cin ta kamar ƙaiƙayi.

Abu ɗaya ne Auta ba ta kore ta daga cikinsa ba. Shekarar da yarinyar ta shiga sakandare, uwar ta kawo gida wani littafin matasa da bangonsa ya jiƙe a kwali, ba mai sayensa. Labarin 'yar wani masunci ne da ta bar tsibirinsu a kwale-kwale ta tafi neman yayanta. Suka karanta shi tare a kan gadon Auta bayan la'asar, wannan ta yi babi, wannan ta karɓa. Kusan kowace shekara sai na gaba ya fito, su sake hawa gadon. Kuma kowace shekara Mama ta riga ta leƙa. Ko ta danne bakinta, fuskarta ta fi bakin surutu: da an ambaci wanda zai ci amana sai ta taɓe baki, Auta ta jefar da littafin ta ce an ɓata mata.

Bana Auta ta samu jami'a a wani gari mai nisa, tafiya kuma ƙarshen hutu. Bana ne kuma aka ce na biyar zai fito, wanda daga shi an rufe labarin.

"Mama," in ji Auta, "wannan karon tare za mu shiga, tare za mu fita. Ba leƙe."

"Aikina ne fa dubawa."

"Ki ba Baba mai kanti ya duba. Sau ɗaya dai a rayuwata in ga kin ji tsoro tare da ni. Ki yi min alkawari."

Ta yi dariya don ta kauce, amma yarinyar ba ta yi ba. Sai ta yi alkawarin, tana ji a ranta cewa wannan ne karatunsu na ƙarshe a kan gadon nan, kuma in ta ɓata shi babu na shida da za ta gyara da shi.

Littafi kuma ya ƙi fitowa. Aka ce farkon hutu, aka ɗaga. Aka ce tsakiya, aka sake ɗagawa. Ta dami mai kawo musu kaya da waya har ya daina ɗauka. Da ta ji tsayuwar mota a ƙofar kanti sai ta fito da gudu, ta tarar kwalin fensir ne ko na alli. Ta goge kantar da ta riga ta goge, ta sauke littattafai ta sake jera su yadda suke. A gida kuwa akwatin Auta ya iso, aka jingine shi bayan ƙofa, kullum ta wuce sai ta yi tuntuɓe da shi ta yi masa faɗa kamar mutum. Ba ta taɓa jin haushin marubuci kamar na bana ba. Mutum yana can yana gyaran waƙafi, ita hutunta na tsiyayewa.

Sai da hutu ya kusa ƙarewa kwalin ya zo. Ta farke shi, ga su nan a jere, masu kauri, suna ƙamshin sabuwar takarda. Hannunta ya ɗauki ɗaya ya juya shi da kansa. Ta ajiye da sauri kamar ta taɓa murfin tukunya, ta miƙa wa mai kanti.

"Baba, yau kai za ka duba min bayan."

Dattijon ya dube ta, ya gyara tabarau, ya buɗe shafin ƙarshe. Maimakon ya ga lamba ta cika ya rufe, sai ya zauna karatu, leɓensa na motsi. Da ya gama ya rufe littafin a hankali ya ce, "Hmm."

"Hmm na me?"

"Shafi ya cika."

Wannan hmm ɗin ya bi ta har gida, ya ci abinci tare da ita. Na tausayi ne? Na jin daɗi ne? Ko gwiwarsa ce ta motsa?

Kashegari azabar gaske ta fara. Yaran da suka saya sun riga sun cinye shi, suka dawo kantin da jajayen idanu, kuma ba a jima ba suka gano Anti Ƙarshe ba ta san ƙarshe ba. To, shekara da shekaru tana fasa musu ƙwai, yau ranarsu ta zo. Wata doguwar yarinya ta jingina da kanta ta ce, "Anti, wai kin ga abin da ya faru lokacin da kwale-kwalen ya..." Anti ta toshe kunne ta shige bayan kantar ƙamus. Wani ya rubuta a tafin hannunsa ya ɗaga mata, ta runtse ido har ta buge kwalin alli. Daga ƙarshe ta gano mafita: da ta hango su sai ta ƙure muryar talabijin ta kafa mata ido. Haka ta kalli shirin likitocin nan da ta raina, kashi bayan kashi, har ta san sunan kowa, har ranar da aka kori ƙaramar likitar ta ji ba daɗi. Mai kanti ya ce shi dai a rage masa ƙara, kunnensa bai yi wa kowa alkawari ba.

Da yamma kuwa suna kan gado, tsakanin tulin kaya da takalma. Auta ta yi babi, Mama ta karɓa. Karo na farko tun tana yarinya ta ji abin da masu karatu ke ji: da hadari ya taso wa 'yar masunci, ta riƙe hannun Auta ba ta sani ba. Abin ya yi mata daɗi, ya kuma ba ta wahala, ta rasa wanne ya fi. An samu yayan tun tsakiyar littafi. Abin da ya rage shi ne ko yarinyar za ta koma tsibirinsu, wurin uwarta, ko garin da ta saba da shi zai riƙe ta. Amma littafin da kauri, kullum kuma da abin da zai katse su, yau tela, gobe hoton katin makaranta, jibi 'yan'uwa masu zuwa sallama.

Ana gobe tafiya ta shiga ɗakin ta ɗauki littafin daga kan matashi. Sabon littafi gefen shafukansa a manne suke tun daga yankan inji, sai an karanta suke rabuwa. Inda suka karanta ya buɗe, inda ba su kai ba yana nan a haɗe. Amma can ƙarshe, 'yan shafukan da ke jikin bango sun rabu, kusurwar ɗaya ma ta ɗan lanƙwashe. Mijinta ko takardar magani sai an karanta masa don ƙiwa. Saura mutum ɗaya a gidan.

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ita da ta sha toshe kunne, ta zama abin dariyar yara, ta kalli likitocin banza, ashe mai dokar ce ta karya doka? Ta juyo da magana cike da baki. Sai ta ga Auta a durƙushe gaban akwati, ta ninke wata riga, ta warware, ta sake ninkewa, ta sake warwarewa. Yarinyar da ba ta taɓa kwana a wani gida ba. Nan take ta gane abin da Auta ta je nema a shafin ƙarshe, domin ta san wannan tsoron, da shi ta girma. Tausayi ya kama ta. Ta haɗiye maganar, ta hau gadon ta ce, "Zo mu ci gaba, babinki ne."

Ba su gama ba. Da safe saura 'yan babuka uban ya ɗora akwati a ka suka nufi tasha. Ya shiga nema wa Auta kujerar taga, ya bar su tsaye a gefen motar. Mama ta gyara mata mayafi, ta sake gyarawa, ta tambaye ta cajar waya karo na ba adadi.

"Mama," in ji Auta, idonta a ƙasa, "na leƙa."

"Na sani."

"Ba ki ce komai ba."

"Ni ma na yi mamaki."

Auta ta yi dariya, hawaye na zubo mata. Ta goge da bayan hannu ta ce, "Na bar miki littafin a kan gado. Kina so in gaya miki yanzu? Ko ta koma gida?"

Tana so. Ba ta taɓa son jin wani ƙarshe kamar wannan ba. Direba ya danna ham, uban na ɗaga musu hannu daga taga.

"A'a," ta ce. "Ki dawo hutu ki karanta min da bakinki."

Da ta koma gida ta tarar da littafin a kan matashin Auta, a kife, bangon baya a sama. Kafin ta ankara ta riga ta lashi yatsa. Ta tsaya haka a tsakiyar ɗakin da yatsa a sama, tana kallon inda akwatin yake jiya. Sannan ta goge yatsan a zaninta, ta juya littafin fuskarsa ta kalli sama, ta fita ta ja ƙofar.