Yadda Bakina Ya Kusa Raba Auta da Motarta

…mota fa na ce muku, mota! Maman 'Yan Biyu, kashe famfon nan ki saurare ni! Mai Aski, leƙo waje! Auta ce za ta sayi mota, ta Jamus, baƙa wuluk, mai giyar hannu!

Haka na faɗo tsakar gidanmu na haya ranar Litinin, ɗankwali a hannu, ina ihu. Ɗaki goma sha ɗaya ne a gidan, babu wanda bai leƙo ba. Mai Aski, da shagonsa ke bakin ƙofa, ya fito da almakashi, ya bar mutum da rabin kai.

"An saya ne ko za a saya?" in ji shi.

"Za a saya."

"To rage ihun, ki ajiye na ranar."

Ban rage ba. Bari in gaya muku wace ce Auta, sai ku ga dalili.

Mu biyar ne wurin mahaifiyarmu, ni ce babba, ita ce ta ƙarshe. Shekara goma sha ɗaya na ba ta, a bayana ta yi wayo. Ni daga aji shida na ajiye littafi na bi Inna kasuwa, har yau bokitai da robobi nake sayarwa. Ita kuwa tun tana tatata ba ta da wasa sai na mota. Murfin tukunya ne sitiyarinta, ludayi ta soka a gwangwanin yashi ya zama giya. Sauran yara vuuu kawai suke yi da baki. Auta sai ta ja, ta ɗauke numfashi, ta tura ludayi, sannan ta sake ja da wata murya. In na zauna a benci a bayanta ban riƙe ba, sai ta tsaya ta ce ba za ta tashi ba sai fasinja ta gyara zama.

Ta girma ta zama tela. Kayan makaranta take ɗinkawa, a shago mai faɗin taku uku, zare a gashinta, alli a bayan kunne. Shekara goma sha bakwai tana taka keken ƙafa. An yi an yi ta sa masa injin lantarki, ta ƙi, wai ƙafarta ta fi wuta sanin inda za a tsaya. Direban wata makaranta da take yi wa ɗinki shi ya koya mata tuƙi a filin ƙwallo lokacin hutu. Lasinta ya shekara shida a jaka, babu motar da zai hau.

Sai ga shi ta je auna labule a gidan wani tsoho da ake ce wa Baba Injiniya. Ta ga abu a rufe da tamfol a gefen gida, taya kawai ke leƙowa. Ta tambayi matarsa. Ashe motarsa ce ta shekara goma sha tara, irin mai ƙofa huɗun nan da ke kwanciya a ƙasa, in ta tashi kamar an harba ta. Gwiwarsa ta hagu ta daina taka kuloci, 'ya'yansa kuma duk sun fi son mai canza giya da kanta. Ya yarda zai sayar, amma mutum uku sun zo ya sallame su.

Wata uku Auta na juya maganar. Gidanmu kuwa kowa ya zama injiniya. Mai Aski ya ce kayan gyaranta sai an sha wuya, ramin titi zai kwashe mata ciki, cunkoso zai cinye mata ƙafar hagu. Maman 'Yan Biyu ta ce, "Ki nemi 'yar ƙarama mai tuƙa kanta mana, ki huta." Auta ba ta yi gardama ba. Ta kai bakanike ya duba motar Baba Injiniya sama da ƙasa. Ta ari ta wata ƙawarta, marar kuloci, ta zaga unguwa, ta dawo tana yamutsa fuska.

"Yaya, ita ke ja na, ba ni ke jan ta ba."

Ranar Litinin ɗin ce ta zo rumfata ta ce ta yanke shawara, jibi za ta je su daidaita. Na ce ƙafata ƙafarta.

"Yaya, ki dai bari ni in yi magana."

"Ke ki yi tuƙi, ni in yi ciniki. Shekara talatin ina kasuwa, wa ya taɓa cuta ta?"

Laraba muka je. Gidan a kan tudu yake, hanyar ta miƙe tsaye kamar tsani. Baba Injiniya ya fito da sanda, dogo, tabarau a rataye a wuya. Da kansa ya yaye tamfol, a hankali, kamar mai buɗe fuskar jariri. Kai jama'a! Na ga fuskata a jikin ƙofa har da tabon goshina.

Ya miƙa wa Auta makulli, ya zauna gaba, ni a baya. Auta ta tuɓe takalmi ta ajiye a gefe.

"Ba sai kin cire ba, 'yata," in ji shi.

"Baba, da takalmi ba na jin abin da nake takawa."

Ya kalle ta ta saman ido. Ta tayar. Wata murya ta taso daga ƙasan kujera ta shiga min ƙirji. Muka gangara, muka hau babban titi, ta sa ta biyu, ta uku, ta huɗu, ko kaina bai gyaɗa ba. Sai dai in ji murya ta sauya. Da ta taɓa totur kaɗan na ji bayana ya manne da kujera, na ce, "Auta, ina da yara fa!" Tsohon ya yi dariya har da buga sanda.

Da muka dawo, muna tsakiyar hawan tudun nan, sai ya ce, "Tsaya nan." Ta tsaya. Hancin mota na kallon sama, ni ina kallon gangara ta gilashin baya ina karanta duk abin da na iya.

"To, mu je."

Ko tsawon yatsa ba ta koma baya ba. Ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta sauke ɗaya, motar ta haura sumul kamar ana zuba mai. Ya ce a nan mutum ukun nan suka faɗi, ɗaya har ya sa ta wari. Ya tambayi wa ya koya mata riƙe kuloci haka. Ta ce keken ɗinki.

Da a nan muka tsaya, da shi ke nan. Amma muna fitowa na gyara ɗaurin zani, na ce aikina ya zo.

Na zaga motar ina taɓe baki. Na ƙwanƙwasa ƙofa kamar yadda ake ƙwanƙwasa bokiti a ji ko ya tsage.

"Baba, ai ta kwana biyu. Dubi kujerar nan ta lotsa. Ga ta a ƙasa kamar kunkuru. Giyar hannu kuma yanzu wa ke so? Mu dai taimaka maka za mu yi, mu raba ka da ita."

Auta na taka min ƙafa, ni na ɗauka tana cewa in ƙara. Na ƙara. Sannan na yi abin da bai taɓa ba ni kunya ba a kasuwa: na kama hannunta na ce, "Zo mu tafi, akwai wata a gaba." Mai kaya ba ya bari ka yi taku uku bai kira ka ba. Na yi uku. Na yi goma. Muka kai bakin ƙofa. Abin da na ji a bayana shi ne ƙarar tamfol ana ja. Matarsa ce ta biyo mu, ta ce a hankali, "Wani dillali zai zo ranar Asabar. Da farko maigidan ya ce ba zai ba shi ba, amma yanzu ban sani ba."

Auta ko kallona ba ta yi ba har gida. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Ta shiga shagonta da ke jikin gidanmu ta hau keke, ina jin sa ta bango, ba tsayawa. Mai Aski ya ce, "Yaya Babba, ina ragowar ihun?" Na ce ya ji da kan mutane.

Alhamis ban buɗe rumfa ba. Na hau tudun nan da ƙafa, ni kaɗai, ina haki. Na same shi a kujera a gefen motar. Na durƙusa.

"Baba, bakina ne ya yi laifi, ba yarinyar ba. Ni 'yar kasuwa ce. A wurinmu, kayan da ba ka so ko kallonsa ba ka yi. Wanda ka tsaya kana kushewa, shi ne ya kama ranka. Da na ga motarka ba ta da kyau, wallahi da yabonta zan yi mu wuce."

Ya daɗe yana goge tabarau.

"Kunkuru kika ce."

"Na ce, Baba."

"Da ita na ɗauko jikokina huɗu daga asibiti."

"Allah ya raya su. Ni ma da bayana na goyi wadda za ta tuƙa ta. Ba ta taɓa karya ko allura da ganganci ba."

Ya ce, "Na ji. Ki gaida gida." Iyakar abin da na samu ke nan.

Juma'a da la'asar ina zaune a shagon Auta, ina tsinke mata zare a jikin riguna don dai in yi wani amfani. Wayarta ta yi ƙara a cikin gwangwanin maɓallai. Ta duba, ƙafarta ta tsaya cak a kan keke. Ta buɗe muryar wayar don in ji.

"Tela ce?"

"Ni ce, Baba. Ina wuni?"

"Lafiya. Na ce wa dillali kada ya wahalar da kansa. Gobe da safe ki zo da lasinki, mu je a sauya takardu."

Auta ta toshe baki da rigar ɗan makaranta. Ni kuwa na riga na miƙe.

"Amma da sharaɗi biyu," in ji shi. "Duk ƙarshen wata ki zo ki zaga da ni, in ji muryarta."

"Na yarda, Baba. Na biyun fa?"

"Yayarki na kusa?"

"Ga ni, Baba!" na ce, har na kifar da maɓallai.

"Ke za ki wanke kunkurun, wankin farko. Ki zo da bokitinki, wanda bai tsage ba."