Sunan da Geraldine Ta Warware

Shekara ashirin da tara Geraldine Mazur ta yi tana ɗinki a wani ɗaki marar taga da ke ƙarƙashin filin wasan ƙungiyar ƙwallon zari-ruga ta garinsu, jikin ɗakin wankin kaya. Ita ke ɗinka sunan ɗan wasa a bayan riga idan an ɗauke shi, ita ke warware shi idan an sallame shi. Sauran aikinta kuwa rage riguna ne su kama jiki tsam, yadda abokin karawa ba zai sami abin cafka ba. Ta san faɗin kafaɗar kowa, ta san wanda ya ƙara ƙiba a lokacin hutu tun kafin koci ya ɗora shi a sikeli.

Ba da niyya ta faɗa aikin ba. A masana'antar ɗinka kwat take, inda mahaifiyarta ma ta ƙare ƙuruciyarta, har ranar da aka rufe wurin aka kwashe injinan. Lokacin tana da shekara talatin da huɗu, mijinta ya yi shekara biyu da rasuwa, ba su haihu ba. Wata 'yar cocinsu ce ta ce mata ana neman mai ɗinki a filin wasa na mako shida. Mako shidan nan bai ƙare ba sai da gashinta ya yi fari fat.

A gidan da iyayensu suka bari take zaune, ita a ƙasa, yayanta Chester a sama. Tun da Chester ya yi ritaya daga kamfanin tayoyi ba shi da wata sana'a sai ƙungiyar. Kakar wasa ba ta cika yi masa daɗi ba, don a lokacin sai kallo da ɓacin rai. Watan Maris ne nasa, lokacin da ba a wasa, ana ta sallamar wannan, a ɗauko wancan, a yi musayar wani. A watan nan kowane mai baki a garin manaja ne. Chester kan buga waya gidan rediyo a shirin rana har masu gabatarwa sun haddace muryarsa, da ya yi gyaran murya za su ce ga Chet na Unguwar Gabas nan ya iso.

Kowace Asabar da safe kuma yana shagon abincin Hedda, a teburin kusa da taga, shi da abokansa biyu: Lyle, tsohon ɗan kwana-kwana, da Augie mai gyaran famfo. Idon Chester ya yi rauni, an hana shi tuƙi, saboda haka Geraldine ce ke kai shi. Takan zauna a ƙarshen tebur da gahawarta da soyayyen ƙwai, tana jin su.

Sun san ta san abin da ba su sani ba. Jerin sunayen waɗanda za a sallama yakan sauko mata daga ofis kwana uku ko huɗu kafin a sanar, don a shirya riguna. Ta sa hannu a takarda cewa ba za ta faɗa wa kowa ba, kuma ba ta taɓa faɗa ba.

"Gerri, ba magana muke so ki yi ba," Lyle kan ce. "Tari kawai. In za a kori mai jifan ƙwallon nan, yi tari ɗaya."

"Ni tela ce," takan ce. "Ku sayi jarida."

"Ƙanwar nan tawa, ko limamin coci ba ta gaya wa," in ji Chester. Sai a yi dariya a wuce.

A cikin ɗaruruwan samarin da suka bi ta hannunta, Dewitt Lacey ne ya zauna mata a rai. Daga jihar Mississippi aka ɗauko shi yana da shekara ashirin da biyu, ƙato, mai kunya, cikin ƙartin gaba masu tare abokan karawa kada su kai ga mai jifan ƙwallo. Sanyin farko da ya riske shi a garin, duk kantunan ba a sami kwat ɗin da zai shige shi ba. Geraldine ta sa ya sayo biyu iri ɗaya, ta farke su ta haɗa masa guda. Tun daga nan yake ce mata Mis Gerri, yakan kuma kawo abincinsa na rana ya ci a ɗakinta, wai nan ne kaɗai ba a ihu. Ita ta gyara masa kayan aure. Ita ta ɗinka rigar da aka yi wa 'yarsa ta fari baftisma da ita. Sau uku ana yi masa aiki a gwiwar hagu, kuma duk lokacin ita ke buɗa ƙafar wandon don ƙarfen da yake ɗaurawa ya shiga. Ta ga gwiwar da idonta, ta kumbura ta yi kamar kabewa, ya kuma fita da ita ranar Lahadi ya tsaya a gaban mutane masu nauyin buhu uku.

Shekararsa ta goma sha ɗaya ƙungiyar ta sha kashi a wasa goma sha biyu. Garin ya shiga neman wanda zai ɗora wa laifi, aka tsaya a kan Lacey. Ya tsufa, ya yi nauyi, albashinsa zai ɗauko samari biyu.

Ranar wata Alhamis a tsakiyar Maris takarda ta sauko. Sunansa ne na uku. A ƙasa an rubuta cewa sai Litinin za a kira su a gaya musu, sannan a sanar. Geraldine ta ɗauko rigunansa huɗu, ta zauna ta warware haruffa biyar ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, ta tsince zaren ta zuba a kwandon shara. Lambar wayarsa na cikin wayarta. Ta fito da wayar da rana ta mayar. Ranar Juma'a a wurin cin soyayyen kifi na coci ta sake fito da ita, ta kalli sunan, ta sake mayarwa. Ta ce wa kanta ba huruminta ba ne, waɗanda suka ɗauke shi su ya kamata su zaunar da shi su gaya masa cikin mutunci.

Asabar ta kai Chester shagon Hedda kamar kullum. Dusar ƙanƙara ta fara narkewa, titi duk caɓi. Ko zama ba su gama yi ba aka ɗauko zancen.

"Lacey fa tsohon firji ne," in ji Chester. "Ba ya sanyi, sai cin wuta."

"Kakata da sandarta za ta kewaye shi," in ji Lyle.

Augie ya ce, "Ku dai ji tsoron Allah. Shekara sha ɗaya mutumin nan bai taɓa cewa a cire shi ba."

"To ai shi ne matsalar, ba ya cewa! Ya laƙe kamar ƙuda a man shanu, ga albashi yana zuba. Ka gan shi a wasan ƙarshe? Rago ne kawai, ba ya son a taɓa shi. Wallahi da doki ne da tuni an kai shi bayan gari an harbe."

Lyle ya ƙyalƙyale da dariya har gahawa ta zubo masa a gemu. Geraldine ta ajiye cokali mai yatsu da ƙarfi.

"To ku kwantar da hankalinku, an biya muku buƙata. Shekaranjiya da hannuna na warware sunansa. Sai ku nemi wani ku zaga."

Kafin ta rufe baki ta san abin da ta yi. Ta ga idon yayanta ya yi haske irin wanda ta sani tun suna yara, in ya tsinci abin da ba nasa ba.

A mota ta ce, "Chet, don girman Allah. Shi kansa bai sani ba. Sai Litinin."

"Haba Gerri, kin mayar da ni ƙaramin yaro?"

Ƙarfe biyu da 'yan mintoci tana guga, ta jiyo muryarsa ta silin, da irin ƙarfin da yake yi in yana waya da rediyo. Ta kunna nata rediyon na kicin, ga shi nan kuwa. Chet na Unguwar Gabas yana da majiya daga can ciki, majiyar da ba ta taɓa kuskure ba: an gama da Lacey, har an cire sunansa daga riga. Kafin la'asar labarin ya cika gari.

Dewitt a mota ya ji. Ya ɗauko 'ya'yansa daga wurin koyon ninƙaya, rediyo na kunne, babbar ta leƙo daga baya ta ce, "Baba, korar ka aka yi?"

Ba a sha wahalar gano majiyar ba. Mutum nawa ne ke cire suna daga riga? Litinin da safe aka kira Geraldine sama, ofishin da sau biyu kacal ta taɓa shiga. Wata jami'a mai fara'a ta ajiye mata takardar da ta sa wa hannu shekaru ashirin da tara da suka wuce, ta tambaye ta ko tana da abin cewa. Ta ce babu. Aka ba ta kwali ta zuba almakashinta biyu, da tabarau, da silifas ɗin da take sawa in ƙafa ta kumbura. Mai gadin da ya raka ta ƙofa, ita ta rage masa wandon da ke jikinsa. Bai iya kallon ta ba.

A wurin ajiye motoci ta hango Dewitt yana loda baƙaƙen ledoji a bayan motarsa. Ta so ta kauce, amma ya riga ya gan ta. Ya tako yana ɗan ɗingishi.

"Mis Gerri."

"Dewitt, ni ban san ta inda zan..."

"Tun yaushe kika sani?"

"Alhamis."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Kina da lambata."

"Ina da ita."

"Na san za a yi, gwiwar nan ta daɗe da gaya mini. Su na sama kuwa ban taɓa sa ran komai daga gare su ba. Amma da kin kira ni ran Alhamis, da ni zan zaunar da 'yata in gaya mata da bakina." Bai ɗaga murya ba. "Kin riƙe musu sirri kwana biyu. Ni kika hana, kika ba masu zagina."

Ya miƙa hannu ya karɓi kwalin daga hannunta, ya kai mata har mota, ya sa a kujerar baya, ya rufe ƙofa. Haka aka tarbiyyantar da shi. Da ya zage ta da ta fi samun sauƙi.

Chester bai taɓa cewa ya yi laifi ba. Da ta shigo da kwalin yana tsaye a kan matakala, ya ce ai bai ambaci sunanta ba, kuma ko bai faɗa ba Litinin za su faɗa, kwana biyu ne kawai. Ta wuce ta rufe ƙofarta. Bayan nan yakan ajiye mata burodi da madara a bakin ƙofa, yakan fitar mata da shara. Tana ɗaukar burodin. Amma ta daina kai shi shagon Hedda, sai ya koma hawa bas.

Ta kafa keken ɗinkinta a falo, ta liƙa takarda a taga. Aiki na zuwa: rage wando, canza zif, rigunan ƙawayen amarya. Ba ta mutu da yunwa ba. Sai dai ta daina zuwa cin kifin coci, don kowa na son ya ji daga bakinta yadda aka yi, wasu ma har suna ce mata ta burge su.

Ƙungiyar ta ɗauko wani saurayi daga jami'a ta sa a gurbin Dewitt, garin ya yi ta murna har bazara ta wuce. A wasa na biyar saurayin ya bar wani ya wuce ta gefensa, aka danne mai jifa aka karya masa ƙashin kafaɗa. Washegari da rana Geraldine na yanka yadi ta jiyo muryar Chester ta silin.

"Ni dai a gaya mini, wane mahaukaci ne ya sallami Lacey? Mutum irin wannan ana sakin sa? Tun Maris nake faɗa, za mu yi da-na-sani!"

Ta ajiye almakashi ta hau sama, karo na farko cikin wata bakwai. Ta tsaya a bakin ƙofa har ya gama wayar.

"Tsohon firji, Chet. Doki, a kai shi bayan gari."

Ya dube ta da mamaki na gaskiya, kamar bai taɓa jin kalmomin ba. "Ke matsalarki ba ki san ƙwallo ba. Magana ce kawai, kowa na yi."

Ta daɗe tana kallon sa. Tsoho ne mai shekara saba'in da ɗaya, cikin rigar barci da rana tsaka, ga kwanonin jiya a tebur. Ta gane bai ƙirƙiri mantuwar ba, da gaske ya manta. Ta sauko.

Babu ƙungiyar da ta sake ɗaukar Dewitt. Ta ji ya koma Mississippi yana koyar da wasa a wata makarantar sakandare. Kafin Kirsimeti ta rubuta masa wasiƙa, shafi uku, sai da ta yaga biyu kafin ta sami wadda za ta aika. Ba ta kare kanta ba, ba ta ambaci Chester ba.

Amsa ba ta zo ba sai a Afrilu, kuma da rubutun matarsa Charmaine. Layi uku ne. Ya karanta, ya ce a ce mata ba komai. Za a sake yi masa aiki a gwiwa cikin Yuni. Yara suna gaishe ta.

Geraldine ta karanta a tsaye a bakin akwatin wasiƙa, ta sake karantawa a kicin. Ta rasa wane irin ba komai ne wannan, na wanda ya yafe ko na wanda ya gaji da zancen. Ba ta da wanda za ta tambaya. Ƙarfe huɗu wata mata za ta zo karɓar rigar bikin 'yarta, ga shi ko kalmasa ƙasan ba ta yi ba. Ta sa tabarau ta zauna a keke.