Ƙirya Ba Ta Iyo

Shekarar da katafilolin dam ɗin Bakolori suka shigo dajinmu na ƙasar Maradun, mahaifina ya rataye gizagonsa. Masassaƙi ne, turmi da taɓarya da ƙotar fartanya yake yi a rumfar ƙofar gida. Itatuwan ƙirya da yake sara tun yana saurayi an ture su, an tara, an cinna musu wuta. Aka ce ruwa zai ci garin. Sai ya ce zai bi motar kamfani da safe ya shiga lebura.

Kakata Inna Tumba ba ta ce masa kome ba. Ɗan farinta ne, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana ido da ido. Bayan isha'i dai ta hura wuta da ragowar ɓawon sassaƙarsa, ta tara mu jikoki. Shi yana zaune can bakin zaure, ya ba mu baya.

"Ga wata nan ta biyo hanya," in ji ta. Muka ce ta iso.

Wai wani masassaƙi ne yana cikin sassaƙa turmi, Ruwa ya aiko masa ya tashi. Ya ce, "Ku ce ma Ruwa ban ƙare aiki ba." Ruwa ya zo da kansa, ya kama masa gwiwa. Yana sara. Ya kai masa ƙugu. Yana sara, turmin nan sai tsawo yake ƙarawa. Da Ruwa ya kai masa wuya, sai ya kwantar da turmin, ya faɗa ciki, ya zauna daram bisa kan Ruwa.

"Turmin ƙirya ne kuwa," in ji Inna, ta ɗaga murya, "jan nan mai nauyi."

Sai muka ji daga bakin zaure: "Ƙirya ba ta iyo. Nutsewa takai kamar dutse."

Inna ba ta waiga ba. Ni ta duba. "Kai, mijin banza, tambayo mani wancan. Da mi za a yi?"

"Maɗaci," ya ce, tun ban buɗe baki ba. "Ko rimi, in ana sauri."

"A'a! Ashe da masassaƙi a gidan ga? Ni an ce mani lebura gare mu."

Muka fashe da dariya. Shi bai yi ba. Da safe motar kamfani ta yi ta hon a bakin hanya har ta gaji ta tafi.

Ruwa ya ci garin, wannan tatsuniya ba ta hana ba. Muka koma Talata Mafara, ya kafa rumfa kusa da kasuwa. Itace ya zama sai an sayo daga nesa. Mun ci tuwo ba miya sau da yawa. Jirgi ko ɗaya bai taɓa sassaƙawa ba, amma ya koyi benci da ƙofa yana da furfura a gemunsa, bai kuma taɓa tsayawa layin lebura wani ya kira sunansa ba.

Na yi yawo bayan nan. Na zauna da masu sassaƙa jirgi a Mopti ta ƙasar Mali da bakin tafkin Cadi, na ji hira da harsuna iri-iri. Ko'ina mai tatsuniya ƙoƙari yake kada a kama shi da kuskure. Sai da na tsufa na gane cewa matar da ta shekara hamsin tana daka a turmin ƙirya ta san nauyinta sarai. Da gangan ta yi, don ta san ɗanta zai iya haƙura da garinsa, amma ba zai iya jin an yi wa itace ƙarya ya yi shiru ba.